Ganyen taba ya bushe kore shar, shin salon masu shanyar wiwi na bidiyo zai gyara shi?

Ɗana, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce Baba ya bar maka 'yar fadamar tabarshi ta wajen Kware bana saboda ƙafa ta matsa mishi, ka tsinke ganye cikin watan Janairu, ka baza bisa rufin kwano, kwana biyu ya bushe ƙarau amma kore shar, ana taɓawa shina marmashewa, dillali ya zo ya shinshina ya aje ya ce ba shi saye ko da rabin kuɗi. Sannan ka ce ka ga bidiyoyi a YouTube na Turawa masu noman wiwi suna rataye nasu cikin inuwa kwana da kwanaki, daga baya su zuba a kwalba su rufe, shine kake tambaya ko wanga salon zai yi ma ganyen taba.

Bari in fara cire ƙaya ɗaya tukuna. Mutanen da kake kallo galibinsu 'yan Kanada ne ko wasu jihohin Amurka irin su Kalifoniya da Kolorado, can doka ta sake musu, Kanada tun 2018 ta halatta abin. Nan ba haka ba ne ko kusa. Tun 1966 akwai dokar da ta hana shuka wiwi a ƙasar nan, ga kuma NDLEA da anka kafa 1989, kuma dokarta ta kai har ɗaurin rai da rai ga wanda ya shuka, ba mai sha ba fa, mai shukawa. To ni wannan ba ni koya ma kowa shi, kuma na lura kai ma ba shi ka tambaya ba. Taba dai halal ce a dokar ƙasa a noma ta a sayar, zancen malamai game da shanta kuma ka san shi ba sai na maimaita ba, ni malamin gona ne, na yi shekaruna ina yawo ƙauyukan bakin gulbin Rima da babur kafin in aje aiki, abin da na sani shi zan faɗa.

Abu ɗaya da Turawan nan sunka yi daidai, kuma shine ya kamata ka ɗauka: ba su gaggawa. Amma sauran duk ka bar musu kayansu, don matsalarsu da tamu kishiyoyi ne. Su suna girbi wajen Satumba da Oktoba lokacin da sanyi da yayyafi ke shigo musu, iskarsu cike da laima, tsoronsu kullum fumfuna ne, shi ya sa za ka ji suna ta cewa a kunna fanka, a ba da tazara, a bar iska ta ratsa. Kai kuwa ka tsinke ganye tsakiyar hunturu a Sakkwato, lokacin da laimar iska da rana tsaka kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe na tsagewa, ka wanke riga ka shanya kafin ka gama alwala ta fara bushewa. In ka ɗauki shawarar mai tsoron ruwa ka kawo ta inda babu ruwan, ai ka ƙara ma wuta fetur ne. Mu nan abokin gabarmu saurin bushewa ne.

Ga abin da ke faruwa cikin ganyen, ka natsu nan don in ka gane wanga wuri sauran duk da kanka za ka iya tsarawa. Ganyen da ka tsinka bai mutu ba. Ruwa ne kusan kashi 85 cikin 100 na nauyinshi, kuma muddin ruwan nan na ciki to shina numfashi, shina cin abincin da ya tara. An raba shi da uwa, ba abin da ke shigo mishi, sai shi koma shina narkar da sitacin jikinshi zuwa suga, shina wargaza koren launin nan, rawayar da dama tana ƙasa a ɓoye ta fito fili, sinadaran da ke sa maƙaƙi da ɗanyen wari su ma suna raguwa. Wannan aikin kwanaki yake ɗauka, kuma sai ganye na da rai yake yiwuwa. Da zarar ruwan ya ƙafe ganyen ya mutu, aiki ya tsaya cak a inda ya kai. Kai ka ɗora shi bisa kwano cikin rana da iskar hunturu, ka kashe shi cikin awoyi kaɗan, kore ya kafe a ciki. Bushewa daban nuna daban. Naka ya bushe bai nuna ba.

Kuma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu, wanda ya riga ya bushe kore ba ya komawa ja mai kyau, ko ka jiƙa shi ko ka sa a kwalba shekara. In ka ɗan yayyafa mishi ruwa ka tara ka danne na wasu makonni zai yi duhu-duhu, warin ciyawar ya ragu, masu daka garin taba da kanwa za su iya saye da araha su gauraya, iyakarta ke nan. Kada ka ɓata lokaci a kanshi, ka duba abin da ya rage a gona.

Wani abin dariya, inda zogale ne ko kuka ka shanya da an yaba maka rabi, don su ana son su bushe da wuri su riƙe korensu, illa dai su ma inuwa suke so ba rana ba. Taba kuwa koren ake son kora. Ba banza Hausawa sunka ce taba ta bambanta da garin gero ba.

To mu koma gona, don rabin nunar tun a tsaye take farawa. Ban sani ba ko ka yanke kan tabar da ta fara fure, in ba ka yanke ba ka yanke, ka bar 'yan ƙwarori da kake son iri da kuma na furen da mata ke saye su ci da goro, sauran duk ka sare kai, kuma duk mako ka bi kana fizge tohon da ke fitowa a hammatar ganye, in ba haka ba ƙarfin duk can zai tafi ganyen shi fito sirara ba nauyi. Sannan ba a tsinke taba gaba ɗaya rana ɗaya sai in sare ta za ka yi da karanta. Daga ƙasa take nuna tana hawa sama. Ka ɗebi biyu ko ukku na ƙasa, bayan kamar mako ka dawo ka ɗebi na bisa su, haka haka har ka kai ƙoli. Nunannen ganye za ka gan shi ya dushe, koren ya fara komawa ruwan ɗorawa-ɗorawa da ɗige-ɗige, bakin ya sunkuya, jijiyar tsakiya ta yi fari, in ka karya shi daga jikin kara za ka ji ɗas, ba ya jan zare. Wanda ke kore tsanwa shina sheƙi bai kai ba, ko mi ka yi mishi a rumfa da wuya shi yi rawaya. Haka kuma in ka cika ma gona takin yuriya, musamman a ƙarshe-ƙarshe, ganye zai yi ƙato baƙi-kirin mai ban sha'awa a ido amma wajen nuna shi ne mai taurin kai. Ka dakatar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin tsinka kuma.

Lokacin tsinka, ka bari raɓa ta ɗauke in akwai ta, fadama kan yi raɓa ko da tudu bai yi ba. Wannan ba don ganyen kaɗai ba, don kai ne. Jiƙaƙƙen ganyen taba na sakin nikotin shi shiga ta fata, sai mutum ya ji jiri da tashin zuciya da amai da ciwon kai, a ce ko zazzaɓi ne ko iska, alhali ganye ne ya rungumo a ƙirji da jiƙaƙƙiyar riga. Sa riga mai dogon hannu, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kuma don Allah kada ka sa ƙananan ƙannenka ɗaukar ɗanyen ganye, jikinsu ƙarami ne abin ya fi kama su.

Yanzu matakin da ka tsallake, wanda shine gaba ɗayan sirrin a ƙasa irin tamu. Kafin ka rataye komi, ka sa ganyen gumi. Ka samu ɗaki ko zaure ko ƙarƙashin rumfa inda rana ba ta shiga, ka shimfiɗa tabarma ko busasshiyar ciyawa, ka jera ganyen kwance bisa juna gindi na kallon waje guda, tsawon tulin kada shi wuce gwiwarka, ka rufe da buhun algarara ko tsohon bargo ko wata tabarmar. Ban da leda, ban da tamfol, su ba su numfashi, dafa maka shi za su yi. Kullum da safe ka buɗe ka juya, na tsakiya su koma gefe na gefe su koma tsakiya, ka kakkaɓe su su sha iska kaɗan ka mayar. Ka riƙa cusa hannu cikin tulin, ɗumi kamar na jikin mutum shi ake so, in ka ji zafi na neman cizon hannu ko ka ga ganye na jiƙewa shina yin baƙi-baƙi kamar dafaffen alayyafo to ya yi yawa, ka rage tsawon tulin nan take. Cikin kwana biyu zuwa biyar, gwargwadon nunar ganyen da sanyin gari, za ka ga suna komawa rawaya. Ba tare za su juya ba, wanda ya yi rawaya kashi ukku cikin huɗu ka zare shi ka kai rataya, mai taurin kai ka mayar. Na ƙasa masu laushi sun fi sauri, na ƙoli masu kauri sai an yi haƙuri da su.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin in yarda da wanga. Shekarata ta farko da fara aiki, ina ji da takarda, na je wani ƙauye gabas da Wurno na kafa rumfar gwaji yadda littafi ya ce, tazara mai yawa tsakanin igiya da igiya, gefe huɗu a buɗe wai don gudun ruɓewa, ashe littafin don mutanen da ke da laima anka rubuta shi. Wani dattijo na zaune bisa buzu shina kallona bai ce uffan ba sai da na gama, sannan ya ce malam, wanga ɗaki naka na shan iska ne ko na taba? Kwana ukku ganyena ya ƙame kore kamar naka. Nashi kuwa da ya lulluɓe cikin zaure awa mai jego, sannan ya rataye a matse cikin rumfar da ya kewaye da zana, ya fito ja kamar kilishi. Tun ranar na daina shiga ƙauye da baki a gaba.

Rumfar kenan. Ba ta buƙatar kuɗi, itace ne da kara da zana. Rufin shi zama na ciyawa ko kara mai kauri, kwano na tara zafi da rana, in dole sai shi to ka shimfiɗa kara a samanshi. Gefen gabas da arewa inda iskar hunturu ke bugowa ka toshe shi sosai, zana biyu ma in da hali, hakan zai tare maka ƙura kuma, don ganyen taba na da danƙo, duk ƙurar da ta hau ta zauna kenan, dillali na murzawa ya ji tsakuwa ya rage maka kuɗi. Sauran gefen ka sa asabari ko zanar da za ka iya ɗagawa ka saki. Da basilla da igiyar rama ka huda gindin jijiya ka shiƙa su bibbiyu baya da baya, don in sun naɗe kada su rungume juna. Tazarar yatsa ɗaya zuwa biyu tsakanin ganye ta isa a hunturu, igiya da igiya kuma kamar tafin hannu, wato a matse fiye da yadda za ka gani a hotunan waje, su riƙa ba juna laima. Kada na ƙasa su taɓa ƙasa, ka bar kamar kamu biyu, saboda gara da awaki. Akuya kam ka yi mata shinge tun wuri.

Sai kuma ka yi wasa da iska kamar mai ban ruwa, amma a juye da yadda bidiyo ke cewa. Da rana, daga hantsi zuwa la'asar, rumfa a rufe ruf, ka yayyafa ruwa a ƙasa ta jiƙe, ko ka aje randa ko tsofaffin tukwane da ruwa a kusurwa, ko ka jiƙa buhu ka rataye ta gefen da iska ke shigowa. Ƙasa za ka jiƙa ba ganye ba, ɗigon ruwa bisa ganye tabo yake bari. Da dare lokacin da iska ta yi sanyi ta ɗan ɗauko laima daga gulbi sai ka ɗaga zana. Masu binciken taba na ƙasashen da ke shanyar iska, irin su Kentaki ta Amurka da Malawi, abin da suke nema shine laima ta tsaya wajen kashi 65 zuwa 70 a matsakaici, su gama cikin mako huɗu zuwa takwas. Mu ba za mu kai wannan ba a Janairu ko mun yi yaya, amma in ka ja abin ya kai mako ukku maimakon kwana biyu ka ci riba. Akwai ɗan agogon auna laima da ake sayarwa ba tsada, in ka samu ka rataye tsakiyar rumfa, in ba ka samu ba hannunka ya isa: da asuba ganye shi kasance da laushi kamar tsohon ƙyalle, da rana shi ɗan yi ƙarfi amma ba shi karyewa. In da asuba ma ƙarau yake to shina gudu da yawa, ƙara ruwa a ƙasa ka ƙara matse igiyoyi.

Za ka ga launi na tafiya daga rawaya zuwa ja-ja zuwa ruwan ƙasa, daga baki da gefe shina shiga ciki. In fatar ganyen duk ta juya ta bushe, saura jijiya, to nan kam an wuce haɗarin kore, buɗe rumfar ka bar iska ta yi aikinta, nan ne kaɗai hunturu ke zama abokinka. Wasu ma kan fitar da igiyoyin rana na kwana ɗaya biyu a wanga mataki kuma ba laifi. Jijiyar ita ce ta ƙarshen bushewa kuma ita ce ke yaudarar mutane. Ka kama ta wajen gindi inda ta fi kauri ka lanƙwasa, in ta karye ƙas ta yi, in ta lanƙwashe kamar roba da saura. Ganye ɗaya mai ɗanyar jijiya in ya shiga dami daga nan fumfuna ke tashi ya ci maƙwabta.

Ka ce mi ya sa to wasu ke shanyawa a rana kuma tasu na sayuwa? Eh akwai tabar rana, ita ce irin ta Turkiyya da Girka mai ƙananan ganye, kuma nan gida ma masu tabar gargajiya da yawa a rana suke ƙarasawa. Amma ka lura da kyau, duk wanda ya iya sai ya fara sa ta ta yi laushi ta yi rawaya a inuwa tukuna. Akwai kuma ta ɗakin wuta, irin wadda anka san Iseyin a jihar Oyo da ita don sigari, ana hura wuta zafi na bi ta bututu ba hayaƙi, kusan mako guda an gama, su ma kwanakin farko zafin kaɗan suke sawa, wajen digiri 35 zuwa 40, sai ganye ya yi rawaya sannan su ɗaga har wajen 70 don jijiya. Ka ga ko mai wuta a hannu jira yake. Da can kamfanin taba na Najeriya, wato NTC, mai masana'anta a Zariya da Ibadan shi ke sayen ganye a hannun manoman arewa, kuma ta shanyar iska ce akasari ake yi mishi nan, daga baya ya narke cikin kamfanin taba na Turawa BAT wajen shekarar 2000. Tsofaffin da sunka yi noma a zamanin su ne za ka ga har yau suna ware ganye lamba-lamba ba tare da an ce su yi ba, in akwai irinsu a garinku ka kai musu goro ka zauna.

Saukewa ma da ƙa'idarta. Busasshen ganye da rana tsaka gilashi ne, kana taɓawa ka yi asara. Da asuba ake saukewa, bayan ka jiƙa ƙasan rumfar tun dare ka rufe, ko ka kai igiyoyin kusa da ruwa su kwana su sha raɓa. Gwajin shine ka dunƙule ganye a tafin hannu ka saki, in ya buɗe a hankali bai tsage ba ya yi daidai, in ya karye ya bushe da yawa, in ya zauna a dunƙule kamar jiƙaƙƙen tsumma ruwa ya yi yawa, bar shi shi sha iska. Nan take ka ware, ja mai tsabta gefe guda, mai duhu gefe guda, mai kore-kore da yagagge gefe guda, kada ka ce za ka ɓoye marar kyau tsakiyar mai kyau, dillalan ga sun girme ka a wanga wasa kuma da mummunan za su yi ma duka kuɗi. Ka ɗaure kamar ganye ashirin-ashirin ta gindi da wani ganyen.

To sai abin da ya yi kama da kwalbar da ka gani. Hikimar ɗaya ce, a tara abu da 'yar laima a rufe don shi ci gaba da gyaruwa a hankali, amma kai da ke da dami-dami ina za ka ga kwalba, kuma tabar na buƙatar ɗumin da tuli ne kaɗai ke ba da shi. Ka sa katako ko kara a ƙasa don kada ta taɓa daɓe, ka jera ƙullin ganye gindi waje baki ciki, ka yi tuli kamar tsawon ƙugu in kana da yawa, ka rufe da buhu da tabarma ka ɗora katako da dutse. Bayan 'yan kwanaki cikin zai ɗau ɗumi da kanshi, in ka buɗe wani wari mai hawa hanci kamar na fitsarin da ya kwana zai buge ka, kada ka tsorata, abin da ake son shi fita kenan, shi ne maƙaƙin ke tafiya. Ma'aunin zafi in akwai, kada ka bari shi wuce wajen digiri 50, in babu to in hannu ba ya iya daɗewa a ciki lokacin juyi ya yi. Ka rushe ka kakkaɓe ka sake ginawa na waje su koma ciki. Sau ukku ko huɗu cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, za ka ga kowane juyi zafin na raguwa, launi na daidaita, ƙamshi na komawa mai zaƙi-zaƙi kamar na busasshen dabino. In tulin ƙarami ne ba zai yi zafi sosai ba, ba komi, lokaci kawai zai ƙara ci. In kuma ya ƙi ɗumi sam to ya bushe da yawa, wanda a nan shi ya fi faruwa, sai ka jiƙa buhun rufin ka matse shi sosai ka mayar.

Abin da ke sa in ce ka yi sauri da sauran ganyen da ke gona shine bazara. Daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40 kuma iska a bushe, rumfar da ta yi maka aiki a Janairu sai ka ninka mata ruwa da zana. Sannan in iskar damina ta juyo wajen Mayu da Yuni labari ya sake, ganye zai fara shan laima da kanshi, nan ne shawarar Turawan ta iska da tazara za ta yi amfani, duk abin da ke ajiye ka ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango, ka riƙa buɗewa duk mako kana shinshinawa. Fumfuna na farawa daga jijiya, fari-fari ko toka-toka, da warin ɗakin da anka daɗe ba a buɗe ba. Wanda ya kama sosai ka zubar, kada ka goge ka sayar ma mutane su sa a baki. Akwai kuma ɗan ƙwaro ja ƙarami mai huda ganye kamar an soka allura, maganinshi tsabtar ɗaki da share tsohon marmashin bara, da kuma kada ka aje sabuwa kusa da tsohuwa. Kada ka kuskura ka fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari bisa busasshen ganye, na ga masu yi, abin nan baki da hanci za shi, dama tabar da kanta ta ishi mai shanta illa, Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa sama da mutum miliyan 7 da take kashewa duk shekara, ba sai ka ƙara mata guba ba. Kuma dokar taba ta 2015 ta hana sayar ma wanda bai kai shekara 18 ba, in kana sayar da gari a ƙofar gida ka san da wannan.

Kada nauyi shi ba ka tsoro in ka auna, kilo 10 na ɗanye in ya ba ka ɗaya da rabi busasshe to haka abin yake, ba wanda ya sace. Kuma tunda fadamar taku na da ruwa, ka yi lissafi da biro a ƙarshen kaka ka gwada abin da tabar ta kawo da abin da albasa ko tafarnuwa za ta kawo a fili ɗaya, ni na ga gidaje da yawa a Wurno da Goronyo da sunka koma albasa ba su waiwayo ba, amma wannan shawarar Baba ce ba tawa ba, ƙila shina da masu sayenshi na shekara da shekaru.

Tsinkar da za ka yi ta gaba, ka raba ta biyu don ka gani da idonka, rabi ka rataye kai tsaye cikin rumfa, rabi ka sa shi gumi kwana ukku tukuna. Ka ɗauko ganye ɗaya-ɗaya daga kowane a rana ta biyar da ta goma ka kai ma Baba har shimfiɗarshi shi murza shi shinshina. Ka gaishe min da shi da jiki, Allah shi ba shi lafiya.